Me Kika Ci, Gorda?

Sunan da aka yi mata baftisma da shi Herlinda, amma in ka shiga unguwarsu a Weslaco kana cigiyar Herlinda Cavazos, sai ka sha rana. Ka ce Gorda, yanzu za a nuna maka gida mai koren ƙyaure da bishiyar lemo a ƙofa. Gorda, wato mai ƙiba. Mu nan ba zagi ba ne, ko dai haka muke cewa. Ubanta ne ya laƙaba mata tun tana rarrafe. Mijinta Rigo ya gaji sunan ranar da ya aure ta, shekara talatin da ɗaya yana kiranta da shi, kuma tsakani da Allah da so yake faɗa. Ita ma amsawa take yi. Ba a dai taɓa tambayarta ko tana so ba.

Iyayenta 'yan ƙwadagon gona ne, masu bin kaka daga jiha zuwa jiha: albasa a nan yankinmu da muke kira Kwari, auduga a can arewa, har Michigan sun je tsinkar kokwamba. Su biyu aka haifa, ita da yayarta Amparo wadda ta ba ta shekara huɗu, siririya kamar tsinken tsintsiya tun tana yarinya har yau da ta yi furfura. In uwarsu za ta fita gona sai ta ce, "Amparo, ki sa ido a kan abin da Gorda ke ci." Amparo ta karɓi wannan aiki tana da shekara tara, kuma har yanzu ba ta yi ritaya ba.

Tambayarta ɗaya ce tak. Herlinda ta ce kanta na sara: "Me kika ci?" Gwiwa ta kumbura: "Me kika ci?" Ranar da santsi ya kwashe ta a wurin aiki ta karye a wuyan hannu, Amparo ta iso asibiti tana haki, abin da ya fara fita daga bakinta ke nan, har Rigo ya ce, "Haba Amparo, siminti ta ci." Ba mugunta ba ce. Amparo na son ƙanwarta, ita ta yi mata zaman jego har sau uku. Sai dai a shekara hamsin ba ta taɓa tambayarta ina ke ciwo ba, kuma Herlinda ta girma da sanin cewa duk abin da ya same ta, bakinta ne ya jawo mata.

Bakin nan kuwa shi ne sana'arta. Shekara ashirin da shida tana girki a ɗakin cin abincin makarantar firamare, kuma ba a taɓa sauke tukunya ba sai ta ɗanɗana. Ta san yaran da ke zuwa ranar Litinin da ido zuru-zuru, ta san yadda ake lanƙwasa ludayi a ƙara musu ba tare da shugaba ta gani ba. A dangi ma haka. Duk Disamba, in mata suka taru a garejin Amparo don yin tamale, wani irin alalen masara, aka kwaɓa ƙullun masara da kitse da romo, ba mai shafa shi a ɓawon masara sai Herlinda ta kai cokali baki ta ce ya yi. Amparo tana da nata gwajin: ta mulmula ƙullu ta jefa a kofin ruwa, in ya taso sama ya kwaɓu. To amma ruwa bai san gishiri ba. Wannan cokali ɗaya na Disamba shi ne kaɗai lokacin da Herlinda ke cin abu a gaban yayarta ba a harare ta ba.

Da ta haura hamsin jiki ya fara ƙi. Ga ciwon suga, ga hawan jini, ga gwiwoyi da ba sa kai ta daga mota zuwa ƙofar coci sai ta huta. Sugan nan shi ya cinye ƙafar uwarsu kafin ya cinye ta, Herlinda ce ta riƙa wanke mata dungulmin. Saboda haka da likita ya kawo mata maganar aikin rage tumbi, ba ta yi dogon tunani ba.

Kafin aikin sai da aka tara su a wani ɗaki mai faffaɗan kujeru, su goma sha biyu, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa. Wata nas ta yi awa biyu tana bayani, ta raba musu littafi mai kauri. Ta faɗi abubuwa da yawa, a yi mata adalci. Amma Herlinda magana ɗaya ta ƙulle ta kai gida: "In kun ci da yawa, ko da sauri, ko mai maiƙo, ba sai an gaya muku ba. Cikinku ne zai hukunta ku." Wannan ta gane shi sarai, don irin yaren da aka raine ta da shi ne.

Amparo ba ta goyi baya ba. "Ke dai kin nemi hanyar ragwaye," in ji ta. "Su yanke tumbin, kwaɗayin fa? Shi ma a tire za su fito da shi? Shekara ɗaya na ba ki, Gorda. Ina nan, kina nan."

Aka yi aiki a watan Fabrairu, aka bar mata tumbi kamar ayaba. Ranar da ta dawo gida ta tarar Amparo ta share, ta yi wanki, ta dafa romo marar maiƙo, ta kuma manna wani hoto a ƙofar firij, tsakiyar hotunan jikoki. Hoton wani biki ne: Herlinda ta cika kujera har ta zubo, faranti a cinya, baki a buɗe. "Taimakonki nake yi," in ji Amparo. "Duk sanda za ki buɗe, ki gaisa da ita tukuna." Herlinda ba ta cire hoton ba. A ranta ta ce ya zauna, shi zai zama shaidarta.

Abin da matar nan ta yi a watannin da suka biyo baya, ni dai ban ga namijin da zai iya ba. Abincinta a ɗan kofin shayi take aunawa. Loma ɗaya, tauna talatin. Tana juya wa Rigo tortiya, wainar masara, a kasko, ƙamshi na dukan hancinta, ba ta gutsura ko gefen da ya ƙone. A makaranta ta koma ɗanɗanawa da bakin cokali, ta tofar a tsumma. Laba casa'in da biyar ta zubar a wata takwas. Aka ɗauke mata allurar suga. Ta tsuguna ta ɗaure wa jikarta igiyar takalmi, ta miƙe ba da dafa bango ba, ta shiga banɗaki ta yi kukanta ita kaɗai.

Rigo ne abin ya ruɗa. Sai ya buɗe baki, "Gor..." ya dube ta, ya haɗiye sauran. Daga baya ya koma kiranta "ke". Ta ce masa, "Tsoho, in sunan ya yi maka nauyi ka riƙa tafa hannu, zan zo." Suka yi dariya, amma abin ya ɗan sosa mata rai.

A watan Oktoba, wata ranar Laraba, tana gwada miyar cuku ta yara, aka kira ta daga baya, ta juya, ta haɗiye. Bakin cokali ne kawai. Bayan rabin awa wani abu ya cafke ta ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya murɗa, ya ratsa har allon kafaɗa. Ta lallaɓa ɗakin ajiya ta zauna a kan katan ɗin tumatirin gwangwani, zufa na keto mata, numfashi rabi-rabi. Awa biyu, sannan ya sake ta kamar ba a yi ba.

Ba ta yi mamaki ba, abin tausayin ke nan. Ai an gaya mata. Ta ci mai maiƙo, ciki ya hukunta ta, magana ta ƙare. Kuma nan take ta yanke cewa ba wanda zai ji. Don in ta ce cikinta na ciwo, ta san tambayar da za ta biyo baya, kuma wannan karon akwai amsa. Wata takwas na yunwa da haƙuri za su rushe a kan bakin cokali, Amparo ta gyaɗa kai ta ce da ma ta faɗa. Herlinda ta gwammace ciwon. Sau ɗaya a rayuwarta tana son a ce ba ta da laifi.

Sai ta ƙara matse wa kanta. Ta rage kofin ya koma rabi. Ciwon bai fasa ba: ya dawo a kan ƙwai ɗaya, ya dawo a kan yankan fiya, ya dawo ranar da ta rasa ma abin da za ta ɗora wa laifin, har ta zauna tana lissafa lomominta na jiya kamar mai shirin zuwa gaban fada, limamin coci, neman gafara. A coci kuwa mata sai yaba ta suke: "Gorda, kin zama 'yar budurwa, ki ba mu sirrin." Ta yi murmushi, gwiwar hannunta a manne da haƙarƙari.

Asabar ta biyu a Disamba aka taru a garejin Amparo. An fitar da mota, an jera dogon teburi, ɓawon masara na jiƙe a baho, rediyo na ta kiɗa, mata goma sha uku kowa da gulmarta. Amparo ta kwaɓa ƙullu har hannunta ya gaji, ta mulmula ta jefa a kofi, ya taso.

"Ya yi," in ji ta. "A fara shafawa."

Ba wadda ta motsa. Duk suka juyo suna kallon Herlinda.

"Bana ruwa ya isa," Amparo ta ce, ba ta ɗago ba. "Kada a jefa baiwar Allah cikin jaraba. In ta fara, wa zai tsayar da ita?"

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi don a wuce wurin. Herlinda ta ji kunnuwanta sun yi zafi. An rage mata tumbi ta yarda, an hana ta tortiya ta yarda, yanzu kuma cokalin da uwarsu ta bar mata za a karɓe a gaban surukai da 'ya'yan dangi. Ta miƙa hannu ta ɗauki cokali, ta ɗebo rabi, ta kai baki. Ta san abin da zai biyo baya, ta haɗiye.

"Gishiri bai ji ba, Yaya."

Wata ta lakata ta ce wallahi gaskiya ne. Amparo ta ƙara gishiri, bakinta a tsuke.

Ciwon bai yi jinkiri ba, kuma na ranar ya fi duk na baya. Ta daure ta shafa ƙullu a ɓawo kusan arba'in. Da ta ga teburin ya fara juyawa, ta ce za ta ɗauko abu a mota. Ta buɗe a-kori-kurar Rigo da ke bakin titi, ta kwanta a kujera ta naɗe, rana tsaka, tana cizon hannun rigarta don kada a ji nishinta.

Amparo ce ta same ta. Ta buɗe ƙofar ta tsaya, riƙe da ƙugu.

"Me kika ci?"

"Ba komai."

"Ban da wanda na gani da idona? Me kika ɓoye a jaka? Faɗa mini, ba zan gaya wa kowa..."  Ta sunkuyo, ta kama haɓar ƙanwarta ta juyo da fuskar wajen haske. Farin idon Herlinda ya koma ruwan ɗorawa. Amparo ta saki haɓar, ta ruga can baya inda maza ke hura wuta, tana kiran Rigo da wata murya da ba a san ta da ita ba.

A asibiti aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki, aka yi mata allurar da ta sassauta ciwon. Can sai ga likita, wata matashiya mai suna Longoria, 'yar nan Kwari ce, da ganin yadda ta gaishe su. Ta ja kujera ta zauna. Rigo na tsaye a gefen gado da hularsa a hannu, Amparo an bar ta a waje.

"Sinyora Cavazos, tun yaushe yake miki haka?"

"Yau ne."

"Maɗaciyarki ta kumbura, cike take da tsakuwa, ɗaya ta gangaro ta toshe hanya, shi ya sa idonki ya canza. Wannan ba aikin yau ba ne. Tun yaushe?"

Herlinda ta dubi silin. "Oktoba."

"Oktoba," Rigo ya maimaita a hankali. "Wata biyu, muna kwana gado ɗaya. Wata biyu, Herlinda?"

Ko a cikin wannan hali ta ji sunan. Rabon da ya fito daga bakinsa tun ranar da suka tsaya gaban fada ya ɗaura musu aure.

Likita ta duba takardarta. "Me kika ci kafin ya taso?"

Nan fa abin ya ɓalle. Mace mai shekara hamsin da huɗu, mai jikoki biyar, ta rufe fuska tana kuka kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya. "Rabin cokali ne, likita. Na rantse da kabarin uwata, rabin cokali. Wata goma ban karya doka ba. Na san ni na jawo, an gaya mana ciki zai hukunta mu, amma ki yarda da ni, ban koma ci ba."

Likita Longoria ta ajiye takardar. "Wa ya ce miki ke kika jawo?"

 Ba wanda ya faɗa, kuma kowa ya faɗa.

"Saurara, Sinyora. Kin san maɗaciyar kaza, wadda kike cirewa a hankali kada ta fashe? Irinta ce. Aikinta ta tara ruwan ɗaci, in an ci maiƙo ta matso shi. In mutum ya rame da sauri, ruwan yakan yi kauri. Ga shi kuma ba kya cin abin da zai sa ta matse, sai ya kwanta ya daskare, ya zama tsakuwa. Da yawa daga waɗanda aka yi wa aikinki suna samun haka, kuma ya fi kama waɗanda suka fi saurin zubar da nauyi. Yana cikin littafin da aka ba ku. Cokalin nan ba shi ya haifi tsakuwar ba, ya dai taɓa wurin ne. Da kin zo tun Oktoba, da ba ki sha wannan wuyar ba."

Herlinda ta sauke hannuwanta. Ta daɗe tana kallon likitar.

"Wato ba don na ci ba ne."

"In ma akwai dalili, don kin bi dokar ne sau da ƙafa."

"Likita, don Allah, akwai wata siririya a waje, da ƙullu a gaban rigarta. Ki kira ta, ki maimaita wannan maganar yadda kika faɗa, kada ki rage komai."

Aka shigo da Amparo. Likita ta maimaita. Amparo ta saurara, tana murza busasshen ƙullun da ke yatsunta.

"Wata biyu tana wannan ciwon? Me ya hana ta faɗa?"

 Rigo ya dube ta kawai, ita kuma ta sunkuyar da kai, don tambayar tana fita ta ji amsarta.

Washegari aka zura bututu ta baki aka fitar da wadda ta toshe hanya, jibi aka cire maɗaciyar ta ƙananan huji huɗu. Herlinda ta roƙi a ba ta tsakuwoyinta, aka ce ba a bayarwa, amma likita ta kawo mata hotonsu: guda arba'in da uku a kan shuɗin ƙyalle, kamar busasshiyar masara. Kirsimeti a kujera ta yi shi da matashi a ciki. Makonni bayan nan kuwa, cikinta ya koma saurin gudawa, ba ta shan ruwan kofi sai ta auna nisan banɗaki tukuna, Rigo na tsokanarta wai gudun da ba ta yi a ƙuruciya ba ne take ramawa. Ya riƙe sunan Herlinda, da farko yana fitowa a karkace kamar sabon takalmi, daga baya ya zauna. Hoton tsakuwar ta manna shi a firij, daf da na bikin. Amparo tana aiko romo kullum, amma ba ta shigo ba, a ƙofa take miƙa wa Rigo.

Ranar biyu ga Fabrairu, ranar bikin kyandir a coci, da ake sake yin tamale, saura kwana kaɗan shekarar da Amparo ta ɗibar mata ta cika, sai ga ta da hantsi, rungume da kwanon ƙullu. Ta dire shi a teburi ba dogon gaisuwa. Ta tsaya gaban firij ta daɗe tana kallon hotunan biyu. Sannan ta sa farce ta ɓamɓare na bikin, ta ninke shi ta tura a aljihu.

Ba ta nemi kofin ruwa ba. Ta buɗe durowa ta ɗauko cokali, ta cika shi, ta miƙa.

"Ɗanɗana."

Ta juya tana kallon bishiyar lemo ta taga, kamar yau ta fara ganinta.

Herlinda ta kai cokalin baki, ta juya ƙullun a harshe, ta haɗiye. Babu sauran abin da zai yi ciwo a wurin, amma tsoro bai san an yi aiki ba: hannunta da kansa ya tafi ƙarƙashin haƙarƙari, fuskarta ta ɗan yamutse. Amparo ta waiwayo daidai lokacin. Ta buɗe baki, Herlinda ta saki kafaɗu tana jiran tambayar da ta sani tun tana 'yar shekara biyar.

"Ina ne ke miki ciwo?" in ji Amparo.

 Herlinda ta ajiye cokalin a hankali.

"Babu inda ke ciwo, Yaya. Gishiri ne bai ji ba."

Amparo ta gyaɗa kai. Ta juya wajen kantar girki tana laluben gwangwanin gishiri, yana gabanta, ta kasa ganinsa, sai da ƙanwarta ta tashi ta sa mata shi a hannu.